Tambayoyin Masu Karatu: A Cire Parabol a Koma Kallo ta Intanet?

Wasiƙun da suka fi yawa a wannan fitowa a kan batu ɗaya suka haɗu, wato barin abonma na tauraron ɗan'adam a koma kallon fina-finai ta intanet. Mun zaɓi biyar daga Yamai da Tawa, mun taƙaita tambayoyin domin amsoshin su samu fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni magidanci ne a unguwar Bukoki, Yamai, mu 9 ne a gida. Duk wata ina biyan jika 10 (sefa dubu 10) na abonma, alhali tashoshin da muke kallo ba su wuce 6 ko 7 ba. Samarin gidana sun matsa mini in daina, mu koma Netflix da YouTube, wai ya fi araha kuma mutum shi ke zaɓen abin da zai kalla. Shin gaskiyarsu ne?

AMSA: Wa alaikumus salam, Maigida. Samarin naka sun yi gaskiya a batun zaɓi, amma a batun araha ba su kai lissafinsu ƙarshe ba, domin sun ƙirga kuɗin Netflix sun manta da kuɗin hanyar da fim ɗin zai bi kafin ya iso falonka, kuma a ƙasarmu kuɗin hanyar ne ya fi nauyi.

Bambancin daga yadda abubuwan biyu ke aiki ya taso. Tauraron ɗan'adam hoto ɗaya yake watso wa yanki gaba ɗaya, ko parabol 10 ne suka kama shi ko miliyan, babu abin da ya ƙaru a wurin kamfani, shi ya sa ake yanka maka kuɗin wata a bar ka ka kunna tele daga asuba har tsakar dare. Intanet kuwa kowane mai kallo nasa hoton ake aiko masa shi kaɗai, ya bi ta eriyar kamfanin sadarwa, ana auna shi mega bayan mega. Na farkon kamar wanda ya shirya da mai rijiya ne a kan kuɗin wata ya ɗebi iya buƙatarsa, na biyun kuwa kamar mai sayen ruwa ne a hannun ƴan garuwa, kowane bido da kuɗinsa.

Ga adadin da kamfanin Netflix da kansa yake bayarwa. Awa ɗaya ta kallo a mafi ƙarancin kyan hoto tana cin kusan jiga (gigabait, GB) 0,3. A matsakaici kusan jiga 0,7. A hoto mai tsabta da ake kira HD tana iya kaiwa jiga 3. A 4K kuwa har jiga 7. Yanzu ka ɗauki alƙalami. Gida mai mutum 9, inda mata ke bin shirye-shiryensu da rana, yara su nemi zane mai motsi bayan makaranta, kai kuma ka nemi labarai da dare, da wuya tele ta yi ƙasa da awa 5 a kunne kowace rana. Awa 5 sau kwana 30 awa 150 ke nan. A matsakaicin hoto wannan jiga 105 ne a wata, a HD kuwa jiga 450, kuma wannan lissafin allo ɗaya ne, ba a sa wayoyin samarin a ciki ba. Ka aiki ɗaya daga cikinsu ofishin Airtel, ko Moov Africa, ko Zamani Telecom, ko Niger Telecom, ya tambayo kuɗin jiga 100, ya ɗora kuɗin Netflix a kai, sannan ku ajiye jimillar kusa da jika 10 ɗinka. Na fi son su yi lissafin da hannunsu, domin abin da mutum ya ƙirga da kansa ba ya musunsa.

Akwai gidan da lissafin ke juyawa, kuma bai kamata in ɓoye maka shi ba. Idan dama kana biyan wifi marar iyaka saboda sana'a ko karatun yara, to kuɗin hanya ya riga ya fita daga aljihunka, barin abonma kuma ragi ne na gaskiya. Sai dai kafin ka amince da kalmar "marar iyaka" ka tambayi mai sayarwa ƙarara ko ana rage gudu bayan an sha wani adadi, domin sau da yawa sharaɗin yana nan a rubuce da ƙananan haruffa. Starlink, kamfanin intanet ta tauraron ɗan'adam wanda ya fara aiki a Nijar a 2025, yana da gudu, amma kayansa da tsada kuma kuɗinsa na wata ya haura abin da kake biya yanzu, saboda haka ba hanyar rage kashe kuɗi ba ce ga wanda kallo kawai yake nema.

Bayan kuɗi sai gudu. Ana buƙatar kimanin megabit 3 a sakan ɗaya domin hoto mai kyau daidai gwargwado, 5 domin cikakken HD, 15 domin 4K. Kada ka gwada rezon gidanka da hantsi ka ce ya isa. Ka gwada shi tsakanin sallar Magariba da ƙarfe 10 na dare, lokacin da duk unguwa ta hau eriya ɗaya, domin a wannan lokacin ne iyalinka za su zauna kallo. Parabol ma yana da ranar rauninsa, hoto na ɗaukewa idan hadari ya yi nauyi da damina, amma wannan na ɗan lokaci ne a ƴan watanni, cunkoson rezo kuwa na kowane dare ne a inda yake.

Sai ƙwallon ƙafa, wanda nake zaton shi ne zai raba gardamar a gidanka. Manyan gasannin Turai ba sa cikin Netflix, kuma YouTube taƙaitattun hotuna yake bayarwa bayan an tashi wasa. Haƙƙin nuna su yana hannun kamfanonin abonma, kuma tun da Canal+ ya sayi MultiChoice, mai DStv, a 2025, hannayen da ke riƙe da shi sun ƙara raguwa. Ko ta halastacciyar manhaja ka kalli wasa, minti 90 da hutun rabin lokaci a HD na iya cinye jiga 5 zuwa 6, kuma hoton intanet kan zo a makare, har ka ji ihun maƙwabta kafin ƙwallon ta shiga raga a allonka. Ka tambayi samarin ko sun yarda su rabu da wasan ranar Asabar.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba shi ne yadda ake biya. Abonma idan ba ka sabunta ba da kansa yake tsayawa, ba ya bin ka bashi. Netflix da ire-irensa katin banki suke nema, Visa ko Mastercard, kuma duk wata suna cire kuɗinsu da kansu har sai ranar da ka shiga ka soke, ko kun kalla ko ba ku kalla ba.

Shawarata ita ce kada ka sa a sauke parabol daga kan soro. Ka bar abonma ya ƙare wata ɗaya ba tare da ka sabunta ba, ku gwada intanet a wannan watan, a sa hoton a matsakaici, a rubuta duk forfe, wato megan intanet, da aka saya. Idan wata ya cika, takardar za ta ba ka amsa fiye da tawa. Kuma ko ka bar abonma har abada, farantin yana da sauran amfani: da dekodar da ke kama tashoshin kyauta, da mai gyara da zai juya shi ya fuskanci tauraron da ya dace, za ka kama tashoshi masu yawa ba tare da kuɗin wata ba, cikinsu har da masu nuna sallah kai tsaye daga Makka da Madina da tashoshin Hausa irin su Arewa24. Télé Sahel da tashoshin gida masu zaman kansu kuwa a nan Yamai eriya ta ishe su. Gidaje da yawa abin da zai fi musu shi ne wannan haɗin: tashoshin kyauta domin kallon yau da kullum, intanet domin fim ɗin da aka zaɓa, abonma kuma a watannin da gasa ta yi zafi.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni uwa ce a Tawa, ƴaƴana 4, babbar shekararta 13. Maigidana yana ci-rani a Abidjan, ya aiko mana da tele mai shiga intanet, ya ce mu bar abonma. Tsorona shi ne abin da yaran za su gani. Wanne ya fi aminci?

AMSA: Barka kadai, ƴar'uwa, Allah ya dawo da maigida lafiya. Tsoronki yana kan hanya, kuma ina ganin tambayarki ta fi ta kuɗi muhimmanci.

Tashar tauraro tana da jadawali, kin san abin da ke zuwa ƙarfe 4 da abin da ke zuwa ƙarfe 9, tashar da ba ki yarda da ita ba kuma kina iya kulle ta da lambar sirri a dekoda. Intanet ba shi da jadawali kuma ba shi da ƙarshe. Da bidiyo ya ƙare wani zai fara da kansa, kuma ba mutum ne ke zaɓen na gaba ba, na'ura ce da aka tsara domin ta riƙe mai kallo muddin zai iya zama, tana la'akari da abin da ya tsaya a kai a baya. Yaron da ya fara da zane mai motsi yana iya samun kansa, bayan bidiyo 5 ko 6, a wurin da ba shi ya nema ba kuma ba ke kika kai shi ba. Na'urar ba ta san shekarunsa ba sai an gaya mata, ba ta kuma san tarbiyyar gidanki ba ko an gaya mata.

Amma akwai makullai, kuma wasunsu sun fi na dekoda kyau idan an yi amfani da su. A Netflix ana buɗe wa yara sashensu daban, a ƙayyade shekaru, sannan a kulle sashen manya da lambar sirri mai lambobi 4. YouTube yana da manhajar yara mai suna YouTube Kids tun 2015, wadda ke ba uwa damar sa iyakar lokaci, har ma ta zaɓi tashoshin da ta amince da su kaɗai. A duka biyun ana iya kashe fara bidiyo na gaba da kansa, kuma wannan shi ne abu na farko da zan ce ki sa a yi miki. Ki nemi wani babba amintacce cikin dangi ya saita, lambar sirrin kuma ke za ki sa ta da hannunki. Kada ki bar wa babbar ƴarki wannan aikin don ta fi ki sanin na'ura, domin bai dace mai riƙe da makulli ya zama cikin waɗanda aka kulle dominsu ba. Ki sani kuma tacewar ba ta cika ba, musamman a bidiyoyin Hausa, inda take kan yi kyau amma abin da ke ciki ya saɓa masa.

Abin da ya fi damuna, duk da haka, ba makulli ne ke maganinsa ba. A gidajenmu kallo abu ne na taro. Da bazara akan fito da tele tsakar gida, a shimfiɗa tabarma, kaka tana nan, yaran maƙwabta sun shigo, idan wani abu ya fito da bai dace ba kowa ya ji kunya tare, uwa ta canza tasha, kuma wannan kunyar kanta tarbiyya ce. Haɗarin kallo ta intanet shi ne yana raba wannan taron, kowa ya shige ɗaki da waya, babu wanda ya san abin da ɗan'uwansa ke gani. Saboda haka kyautar maigidanki alheri ce ta wannan fuska, tun da babban allo ya aiko ba wayoyi ba. Ki ajiye shi inda kowa ke wucewa, ki sa lokacin kunnawa da na kashewa, ki riƙa zama da su ko da rabin awa ce, ki tambaye su abin da suka fahimta. Idan wifi ya shigo gida, lambarsa kada ta shiga wayar yaro sai da saninki.

Idan kuma rezon unguwarku ba shi da ƙarfi, akwai dabarar da ke maganin matsala biyu a lokaci ɗaya, wato saukewa. Netflix ya ba da damar sauke fim a waya tun 2016, YouTube ma yana barin a ajiye bidiyoyi da dama a cikin manhajarsa. Kina iya zaɓen abin da za su kalla tun da dare, ki sauke shi lokacin da rezo ya yi sauƙi, washegari su kalla intanet a kashe. Abin da kika zaɓa shi kaɗai ke nan.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibi ne a Jami'ar Abdou Moumouni. Wani ya tallata mini ƙaramin akwati, ya ce da kuɗi kaɗan a shekara zan samu tashoshi dubbai, da duk wasannin Turai, da sababbin fina-finai. In saya?

AMSA: Ɗana, ban ba ka shawarar saye ba. Kamfanoni suna biyan maƙudan kuɗi kafin su samu izinin nuna waɗannan wasanni, don haka duk wanda ya ce zai ba ka su gaba ɗaya a kan kuɗin da bai kai abonma na wata 2 ba, to ba nasa yake sayarwa ba, hoton wasu ya sato yake rabawa. Wannan shi ne dalili na farko, kuma ya isa. Na biyu, kuɗin shekara kake biya tun farko ga mutumin da ba shi da ofis, ranar da aka rufe na'urar da yake watsowa daga cikinta babu wanda za ka kama. Irin waɗannan hanyoyi kuma sun fi tsinkewa a daidai lokacin babban wasa, saboda a lokacin ne kowa ke hawa kansu kuma a lokacin ne masu haƙƙi ke farautarsu. Na uku, akwatin ba ya rage maka ko mega ɗaya, intanet ɗinka yake sha kamar kowace manhaja. An kuma sha samun irin waɗannan akwatuna marasa suna ɗauke da mugayen manhajoji tun daga masana'anta, saboda haka ko ka riga ka saya kada ka shigar da lambar katin banki ko makullin imel ɗinka a ciki. Ga ɗalibi mai son ƙwallo, karo-karo da abokai a biya halastaccen abonma ɗaya, ko zuwa gidan kallo ranar wasa, ya fi sauƙi kuma ya fi kwanciyar hankali.

TAMBAYA: Malam, telena tsohuwa ce, ba ta shiga intanet. Dole sai na sayi sabuwa? Daga wani tela a Talaje, Yamai.

AMSA: Ba dole ba ne, Malam. Ka duba bayanta, idan akwai ramin da aka rubuta wa HDMI, ƙaramar na'ura irin su Fire TV Stick ko akwatin Android TV na sanannen kamfani za ta mayar da ita mai shiga intanet a kan kuɗin da bai kama ƙafar na sabuwar tele ba. Idan kana da kwamfuta, igiyar HDMI kaɗai ta wadatar. Abin da zan ƙara shi ne ka sa musu na'urar daidaita wuta, domin waɗannan ƙananan kaya ba sa jure hawa da saukar kuran, kuma ka zare su daga soket idan an ɗauke wuta har sai ta dawo ta zauna.

TAMBAYA: Malam, mu a gidanmu fina-finan Hausa muke kallo. Muna kai kati ko kile (USB) kasuwa a tura mana da kuɗi kaɗan. Me zai sa mu wahalar da kanmu da intanet? Kuma ina ake samun fina-finan Nijar na da? Daga wata matar aure a Tawa.

AMSA: Hajiya, ta fuskar aljihu babu abin da ya kai hanyarku sauƙi, kuma ga mai son fim ɗin Hausa Netflix ba shi da wani abin kirki da zai ba shi, domin abin da ke cikinsa da Hausa kaɗan ne ƙwarai. Inda fim ɗin Hausa ya koma a yau shi ne YouTube. Bayan kasuwar faifan CD ta mutu, masu shirya fina-finai a Kano sun karkata ga shiri mai dogon zango, suna sakin kashi ɗaya duk mako a tashoshinsu, kyauta ga mai kallo, su kuma su samu kuɗi daga tallar da ke fitowa a ciki.

A nan ne tambayarki ta farko take samun amsa. Idan kin kalli shirin a tashar mai shi, kallon naki ana ƙirga shi, wani abu kuma yana isa ga wanda ya biya ƴan wasa da mai ɗaukar hoto da mai haɗa sauti. Idan kuwa a kati aka tura miki, kuɗin a hannun mai turawa ya tsaya, wanda ya yi wahalar bai ga ko dala ba. Ban ce mai turawa mugu ba ne, saurayi ne mai neman abinci a inda intanet ke da tsada, kuma shi ya kai fim ƙauyukan Adar da rezo bai isa ba. Amma wanda Allah ya hore wa forfe, ya kyautu shirin da ya fi so ya kalle shi daga tushe. Ba sai an kashe da yawa ba: a cikin saitin YouTube ki sauke kyan hoton zuwa 360p ko 480p, wanda a allon waya ya wadatar, awa ɗaya kuma ba za ta wuce kimanin rabin jiga ba. Ki lura da sunan tashar, domin akwai masu kwafe shirin wasu su sake ɗorawa da sunansu. Arewa24, wadda ta fara watsa shirye-shirye a 2014, tana da manhajarta ta kallo a lokacin da mutum ya so.

Tambayarki ta biyu ta faranta mini rai, musamman da ta fito daga Tawa, garin da Moustapha Alassane, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara yin fim na zane mai motsi a Afirka, ya zauna shekaru masu yawa kafin rasuwarsa a 2015. Nijar tana cikin ƙasashen da suka fara fim a wannan yanki, kuma Oumarou Ganda ne ya fara cin babbar kyautar bikin fina-finan Afirka na FESPACO da ake yi a Wagadugu a 1972. Abin takaici shi ne ayyukan wannan zamani ba su cikin manyan manhajojin da ake biya, kuma ɗan abin da ake tsinta a intanet sau da yawa hotonsa ya dushe, sautinsa ya lalace. An fi dacewa da su a bukukuwan fina-finai da cibiyoyin al'adu, irin cibiyar da ke ɗauke da sunan Oumarou Ganda a Yamai, da kuma lokutan da tashar ƙasa ta waiwayi ma'ajiyarta, wanda wani dalili ne na kada ki raba gidanki da Télé Sahel ko da kun koma intanet. Idan kin ci karo da ɗaya daga cikinsu an sanar za a nuna, ki tara yaran su gani, ki kuma rubuta wa tashar ki nemi a maimaita, domin masu tsara shirye-shirye suna duba abin da jama'a suka nema kafin su buɗe ma'ajiya.